Tsaunin da Curdin Ya Raɗa wa Sunansa

Curdin Bisaz bai taɓa hawa tsauni ba, ko da yake a gindin tsaunuka aka haife shi, a kwarinmu na Engadin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu, yana kuma karanta bayan kowane kati kafin ya miƙa wa mai shi. Iyakar jarumtarsa ita ce dandalin hange na cikin gandun daji, tafiyar sa'a biyu, wadda tsofaffin mata ke yi suna hira.

Kowace Lahadi, da zarar ƙanƙara ta narke, yakan hau can da burodi da cuku, ya zauna yana dakon baƙi. Tsakanin manyan tsaunuka biyu da ke fuskantar dandalin akwai wani ɗan ƙullutu wanda kakanninmu ba su ga dalilin raɗa masa suna ba. Wannan ƙullutun Curdin yake nuna wa baƙi da sandarsa.

"Wancan shi ne Piz Curdin, wato Tsaunin Curdin," yakan ce. "Sunan wani gwarzon kwarin nan aka sa masa."

Sai ya jira a tambayi sunansa. Idan ba a tambaya ba, ya faɗa.

Da aka shirya kafa allon ƙarfe mai zanen tsaunukan da sunayensu, Curdin ya tabbata lokacinsa ya yi. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tafi wurin Mengia, ma'aikaciyar gandun, 'yar ƙanwar matarsa. Ina ofishin a ranar, domin ni aka ba duba rubutun allon.

"Mengia, kar a manta da nawa. Baƙi Jamusawa sun san shi, har a littafi suna rubutawa."

"Kawu, kai ka faɗa musu."

"To, shi suna daga sama yake faɗowa? Ai wani ne ke fara faɗa."

"Masu awo sun ce ba tsauni ba ne, kafaɗar na kusa da shi ce."

"Kafaɗa! Ke da na goya ki har dandalin nan?"

"Inna ta ce rabin hanya ka sauke ni."

Ya juyo gare ni yana neman agaji. Na gaya masa cewa aikina gyara rubutun sunayen da ke akwai ne.

An kafa allon a watan Yuli. A kan zanen ƙullutun babu harafi ko ɗaya, sai lambar tsawonsa. Curdin yana hawa har yanzu, da gwiwoyinsa masu ciwo, yana kuma riga kowa isa. Yakan cire hularsa ya kife ta a kan lambar, ya tsaya da sanƙonsa cikin iska mai sanyi, yana jiran baƙon farko.