Sunan Aron Hedley Oldroyd

Tun ƙafafunsa ba sa kaiwa ƙasa ubansa ya ɗora Hedley Oldroyd kan bencin ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu na cocinsu, a wani ƙauyen masaƙa kusa da Halifax. Uban, Enoch, masaƙi ne ranakun aiki, ran Lahadi kuma shi ke kaɗa wa jama'a. Mutanen cocin nan ba sa iya jin waƙar yabo su yi shiru. Ko a kasuwa aka ɗauko ta, sai sun miƙe sun amsa da iyakar muryarsu. Enoch kuwa shi ne uban tafiyarsu, muryarsa har tagogi take girgizawa.

Hedley ya gaji hannun uban, ya ma fi shi. Da rediyo ta fara shiga gidaje, wani babban silima a Leeds ya ɗauke shi ya riƙa kaɗa ogan ɗinsu, irin mai ganguna da kukan tsuntsu da usur ɗin jirgin ƙasa a cikinsa. Inji ke ɗago shi daga ƙarƙashin dandali, cikin farar kwat, fitilu na haska shi. Manajan siliman ya ce suna kamar Oldroyd warin ulu yake yi, ba zai sayar da tikiti ba. Aka raɗa masa Adrian Delamere, aka baza cewa ɗan likita ne da ya yi karatu a Paris. Shi kuma, wallahi, ko gardama bai yi ba. Har harshensa ya murɗe ya koma na mutanen London, abin haushi.

Kowace Talata da hantsi, kafin a buɗe wa 'yan kallo, gidan rediyo ke ɗaukar kiɗansa kai tsaye. Doka ɗaya ce: muddin jar fitila na kunne, ko tari ba a yi.

Wata Talata Enoch ya shigo jirgin ƙasa na safe ba sanarwa, da kwat ɗinsa ta coci da takalman katako na masaƙa, da ƙunshin burodin da matarsa ta gasa. Hedley ya hango shi a ƙofa, ya nufe shi da sauri.

"Baba, me ya kawo ka?"

"Ƙafata ta kawo ni," in ji tsohon. "Uwarka ta ce in zo in gani ko da gaske da fararen kaya kake yawo kamar mai sayar da kifi."

"Don Allah zauna can baya. Kada ka yi motsi."

"To, ranka ya daɗe. Na zauna."

Fitila ta kama. Hedley ya bi waƙoƙin rawa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Sai ya zo kan wata tsohuwar waƙar yabo da masu sauraro suka roƙa, ya manta shaf da wanda ke zaune a baya. Bai gama layin farko ba ya ji ƙarar kujera, sannan murya ta cika silima fam, takalmin katako na buga ƙasa. Enoch ne tsaye, hula a ƙirji, ido rufe, yana rera wa duk ƙasar Ingila.

Hedley ya buɗe manyan bututun ogan duka don ya danne shi. Ina! Tsohon ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa ake yi, ya ƙara ɗaga murya.

Fitila na mutuwa Mista Pemberton, jami'in gidan rediyon, ya taso fuska jawur.

"Wane mahaukaci ne wannan? Delamere, ka san shi?"

Silima ba kowa, magana kuwa a wurin nan har kujerar ƙarshe take zuwa. Hedley ya san haka sarai, aikinsa ne ya sani. Amma ya tuna farar kwat, ya tuna ƙaryar Paris.

"Mai shara ne," in ji shi. "Sabo ne, bai san doka ba."

"To mai shara ya yi shararsa, ya bar mana waƙa!"

Enoch ya daɗe yana kallon ɗansa. Hedley ya so a ce ya zage shi, ya kira shi da sunansa na gaskiya a gaban kowa, ko ya mare shi ma. Tsohon bai yi ko ɗaya ba. Ya ajiye ƙunshin burodin kan kujera, ya tuɓe kwat ɗinsa ya ninke, ya ɗauko tsintsiyar da mata masu shara suka jingine a bango.

"A gafarce ni, maigida," ya ce wa Pemberton. "Kada a ga laifin Mista Delamere. Shi dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa."

Hedley ya ƙara shekaru masu yawa a rediyo da sunan aron nan, ba wanda ya gano shi. Amma kunyar ranar ba ta taɓa sakinsa ba. A ranar nan ya zauna kan benci, hannuwansa a cinya, ya kasa juyowa, ya kasa tashi. Yana jin tsintsiya na bin layin kujeru daga baya zuwa gaba, a natse, don Enoch bai taɓa yin aiki rabi ba. Da ya iso gindin ogan, sai ya tsaya.

"Ɗaga ƙafarka, ranka ya daɗe," in ji shi.

Hedley ya ɗaga.