Ƙaho a Bayana, Inna a Gaban Kyamara

Ni fa ban nemi shiga wannan magana ba, jawo ni aka yi, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da ita ba. Lokacin naira tana sabuwa fil. Ina zaune lafiya lau a teburin mai shayi a Badarawa ina tsokanar masu wucewa, sai kawuna, ƙanen Inna, ya zo ya kama min kunne. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, an haɗa shi da wasu Turawa masu ɗaukar fim, shi kuwa Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ni da aka koro daga sakandare ni ne farfesan gidanmu, sai na zama tafinta dole.

Mutanen nan duniya suke zagawa suna tattara abubuwan tayar da tsigar jiki: inda ake cin maciji, inda ake huda leɓe, su haɗa fim guda a yi ta nunawa a silima. Muka kai su sababbin gine-gine, suka yi hamma. Muka kai su kasuwa, ko kyamara ba su buɗe ba. Sai a Unguwar Dosa babbansu, wani mai jan gemu, ya hango wanzami yana yi wa mutum ƙaho, ya ɗan tsaga fatar baya ya kafa ƙaho ya zuƙe iska don mataccen jini ya fito. Ai sai Baturen ya yi tsalle kamar an yi masa albishir da ɗa namiji.

Aka nemi wanda zai zauna a ɗauka, kowa ya ƙi. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da baki kamar rediyo, ga dama ta samu." Ni kuwa har na hango 'yan matan Kurmin Mashi suna nuna ni a majigi. Na ce a zo da wanzamin ƙofar gidanmu, Baba yana ofis.

Da farko wasa ne. Cire riga, na cire. Cire agogo, na cire. Sai mai jan gemu ya ce wandon ma, ya miƙo min wata 'yar fatar akuya in ɗaura. Aka janye kekunan maƙwabta, aka juya ni don kada falwayar lantarki ta fito. Wanzami ya kafa min ƙahoni. Can na ji an tsiyaya min wani jan ruwa daga kwalba a gadon baya, aka ce in gaya wa wanzami ya shafa a bakinsa, ni kuma in yi ta ihu. Wato ƙasar masu shan jinin mutane za a nuna, kuma fuskata ce shaida. Wanzami ya tsaya yana kallon kawu, kawu yana kallon ƙasa. Yaran unguwa sun daina dariya.

Ku gane, ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, "yaron nan" take cewa. Ba ta yabona, ba ta shiga faɗana, ko zazzaɓi nake sai dai ta aiko ƙanwata da koko. Na girma ina ganin ƙannena ne 'ya'yanta, ni kuwa ɗan haya ne a gidan. Kuma ba ta leƙa ƙofar gida da rana.

Sai ga ta. Ta ratsa taron nan, ta warware mayafinta ta lulluɓe ni har da ƙahonin, ta tsaya tsakanina da kyamara.

Mai jan gemu ya hau faɗa, kuma abin dariyar, ni ne dai tafinta, daga ƙarƙashin mayafi. Na ce, "Inna, wai al'adarmu yake so duniya ta gani." Ba ta ko dube ni ba ta ce da kawu, "Tambaye shi, jan ruwan kwalbar nan daga cikin al'adarmu ya samo shi?" Na fassara da duk Turancin da na mallaka, har da ƙari. Wanzami ya ɓalle ƙahoninsa ya zuba a zabira. Turawa suka naɗe wayoyinsu suka shiga mota.

Yau da furfura a kaina, duk sanda na ga an nuno wasu bayin Allah tsirara a talabijin ana dariya, sai in ce wataƙila nasu iyayen ba su kusa ne. Ni Allah ya sa tawa tana bayan ƙyaure tana saurare. Ranar na koyi cewa mai yi maka shiru ba lalle ya manta da kai ba ne, kuma ina yi mata addu'a kowace salla.

Kawu dai bai haƙura ba, ya biyo ta har zaure yana cewa, "Haba Yaya, kin kunyata ni gaban baƙin gwamnati! Yau kuma ina kunyar ɗan fari? Yaron da ko sunansa ba kya faɗa?"

Inna ta juyo ta ce, "Sunansa ne ba na faɗa. Ban taɓa cewa ba ni na haife shi ba."