Amsar da Malam Lawali bai jira ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni daga Kaura Namoda, wai Malam Lawali mai kwamfuta ya rasu. Na zauna a kan benci.

Na san shi tun jihar Zamfara tana sabuwa, lokacin da aka fara Shari'a. Ni na buɗe shagon buga takardu a Shinkafi, shi yana kula da ɗakin kwamfuta a wata makaranta a Kaura. Shi ya sa mini wata manhaja ta kyauta a kwamfutata, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su gina.

Manhajar tana da zuciya da ake kira kanel, ita ke haɗa na'ura da duk abin da aka jona mata. Duk sanda aka fitar da sabuwa, Malam zai hau babur ya zagaya mu, mu da 'yan Zurmi, ya ji ko ta zauna daram ko tana daskarewa. Sai ya aika wa masu gina ta bayani. Ba wanda ya sa shi.

Matsalarsa mu ne. Ka tambayi mutumin nan garin yaya kwamfuta, zai ce lafiya lau, alhamdu lillahi, ko da hayaƙi take fitarwa. Mu a ganinmu ƙorafi a kan abin kyauta rashin godiya ne. Malam ya yi ta aika rahoton komai daidai, can kuma suka yarda, suka bar kuskuren a ciki.

Daga baya ya gano mu. Sai ya bari a gama gaisuwa, a sha fura, sannan ya ce, "To Nasiru, an gaisa. Yanzu hwaɗa min randa tab ba ka haushi." Kuma sai ka faɗa.

Bana sabuwar kanel ta ƙi tsohuwar firintata. Da na tura aiki sai komai ya tsaya cak, ga ɗalibai a tsaye da furojet ɗinsu na makaranta suna jiran a buga musu. Da firintar nan nake ciyar da gidana, ba ni da halin wata. Malam ya bi maganar har wani cikin masu gina manhajar ya turo gyara, ya ce a gwada a gaya masa kafin ya sa shi a fitowa ta gaba.

Duk da halin da hanya take ciki, Malam ya zo da kansa ranar kasuwa ya sa mini gyaran. Ya rame, amma yana ta zolayata a kan ƙurar da ke cikin injina. Da zai hau mota ya ce, "Ka matsa mata aiki sosai. Mutumin yana jiranmu, kak ka ji kunyata."

Na matsa mata, Malam. Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Yau na yi niyyar kiranka in faɗa maka.

Ban san yadda zan aika wa mutumin da ya turo gyaran saƙon cewa ya yi aiki ba. Cikin ɗalibansa wanda ya iya, don Allah ya neme ni mu ƙarasa masa.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya tsaya wa iyalinsa. Wanda ya karanta wannan, ya sa Malam Lawali a addu'a.