Ranar da Kan Tirela Ya Tafi Ya Bar Mu a Hanyar Maiyama

Shekarun baya can, lokacin da ni da kawuna muke fataucin albasa zuwa kudu, wani abu ya same mu wanda har yau ban manta da shi ba.

Ina da wani aboki tun na ƙuruciya, direba ne. Ya daɗe yana jan tifa, yana kwasar yashi tsakanin Jega da ƙauyuka, kuma kowa ya shaide shi da natsuwa a kan hanya. A kakar albasar wannan shekarar ne maigidansa ya ɗaga shi ya ba shi tirela. Ni na matsa wa kawu a ba shi lodinmu. Kawu ya ce, "Ya taɓa jan tirela kuwa?" Na ce, "Kawu, mota ai mota ce." Ni da ko babur ban gama ƙwarewa a kai ba, ni ne mai wannan fatawar.

A Aliero muka yi lodi. Maigidan nasa, wani tsohon direba, shi ya haɗa masa kai da bodi da hannunsa, ya yi mana addu'a muka kama hanya da hantsi. Kawu ba ya shiga gaban mota, ya ce warin gas na juya masa ciki. Saman kaya yake hawa ya shimfiɗa buzunsa. Ni kuma kunya ta hana ni in zauna a kujera dattijo na sama, sai na bi shi.

Muna isa Jega abokina ya ce yana jin wata ƙara a ƙarƙashin kan motar. Ya sauke ƙafafun ƙarfen da ke tokare gaban bodi, ya zare kan, ya kai wa bakanike. Ba a jima ba ya dawo. Ga wanda bai sani ba, a bayan kan tirela akwai wani faffaɗan farantin ƙarfe mai baki, shi bodi ke hawa. Wani kakkauran ƙarfe da ya leƙo daga ƙarƙashin bodin shi ke shiga bakin, sai ya datse. Abokina ya yi baya a hankali, muka ji "ƙwaram", bodin ya girgiza. Ya sauko ya jona tiyon iskar birki, ya naɗe ƙafafu.

Daga sama kawu ya leƙo ya ce, "Ɗana, ta kama?"

Ya ce, "Ta kama, Baba. Ba ka ji ƙararta ba?"

Muka fita Jega muka miƙi hanyar Maiyama. Tafiya yake a hankali irin ta sabon hannu. Kawu yana can gaba-gaba a kan buhuna yana ɓare goro, ni ina baya na jingina da igiyar tamfol. Sai motar ta faɗa wani rami a kwalta ta fito.

Abin da na fara ji shi ne wani tsaki mai ƙarfi, tiyon iska ya tsinke. Na ɗaga kai. Wallahi da idona na ga kan motar ya yi gaba shi kaɗai, hayaƙinsa na tashi, tiyo na reto a bayansa, ga kwalta fili tsakaninmu da shi. Ƙwaƙwalwata ta ƙi karɓar abin. Har na buɗe baki zan ce wa kawu, "Ina zai je?" Ban ƙarasa ba gaban bodin ya kife ya daki ƙasa.

Ƙarar da ƙarfe ya yi yana kankare kwalta ban taɓa jin irinta ba. Igiyoyi suka tsintsinke, buhunan baya suka zubo gaba, ni ma suka tafi da ni. Na tsinci kaina a gefen hanya, bakina cike da ƙasa da ɓawon albasa, hannuna ɗaya ya ƙi ɗaguwa. Na duba inda kawu yake zaune. Babu kawu, sai tulin buhuna.

Ihu nake yi, ban ma san me nake faɗa ba. Manoma suka baro gonakinsu a guje, wani da fartanya a hannu. Muka hau janye buhuna, ni da hannu ɗaya. Duk wanda aka ɗaga sai a ga wani a ƙarƙashinsa. Wani dattijo a cikinsu ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi shiru! Ku yi shiru mu ji!" Muka yi tsit. Can ƙasa muka ji murya tana salati a hankali.

Allah ya sa ya faɗa wani loko ne tsakanin buhuna da ƙarfen gaban bodi. Aka zaro shi, kafaɗarsa ta karye, goshinsa na jini, amma yana gane kowa.

A lokacin ne muka hango abokina tafe a guje ba takalmi. Ashe ya yi nisa kafin ya ankara. Daga baya ya gaya mini cewa da ya ji motar ta yi sakayau tana tashi da ɗan taɓa totur kaɗan, murna ya yi, ya ɗauka gyaran bakanike ne ya yi kyau. Sai da ya kalli madubi ya ga babu komai a bayansa sai hanya da sararin sama. Ya ce a take ya manta yadda ake juya mota, ya kashe ta a tsakiyar titi ya taho da ƙafa.

Yana ganin kawu kwance ya zube ƙasa. Wasu daga cikin mutanen suka yo kansa da zagi, har wani ya cakumi wuyan rigarsa. Kawu, da ƙyar yake numfashi, ya ce, "Ku sake shi. Ɗan ƙawar matata ne. Ku ba shi ruwa, ya fi ni jin jiki."

Da maigidan abokina ya iso bayan azahar, bai yi faɗa ba. Ya kama hannunsa ya kai shi bayan kan motar, ina tsaye ina ji. Ya nuna masa bakin farantin a datse, ba komai a ciki. Ya ce bodin ya yi sama da yawa lokacin da ya yi baya, ƙarfen ya hau kan bakin ne ya zauna, bai shiga ba, nauyin kaya kawai ya riƙe shi tun daga Jega. Ya ce, "Ƙara ba shaida ba ce. In ka haɗa, duƙa ka shiga ƙarƙashi ka gani da idonka ya datse, kuma ba haske tsakanin faranti da bodi. Ka ɗaga ƙafafu kaɗan kawai, ka danne birkin bodi, ka sa giya ka ja. In ta riƙe ka, sannan ka naɗe su duka. Kuma kada ka sake ɗaukar mutum a saman kaya, ko ubanka ne." Sannan ya ce, "Ni ya kamata in hwaɗa maka wanga tun Aliero."

Kawu ya yi jinyarsa a gida, mai ɗori ya gyara kafaɗar, ko da yake har ya bar duniya ba ya iya ɗaga hannun sama sosai. Abokina ya ajiye makulli ya koma noma a ƙauyensu, ya ce shi da tirela har abada. Kawu ne ya aika aka kira shi da kaka ta zagayo, ya ce lodinsa ba mai ja sai shi. Ranar lodi ya tsaya a kansa har abokina ya shiga ƙarƙashin motar ya fito da baƙin giris a hula. Sannan kawu ya ɗauki buzunsa ya nufi tashar bas, ya ce, "Kaya nib ba ka. Ni mu haɗu can."

Abokina yana jan tirela har yanzu, ya yi furfura a kanta, kuma ban sake jin ko taya ta kuɓuce masa ba. Ni ne dai abin bai sake ni ba. In ina cikin mota muka biyo bayan tirela, idona na kan mahaɗar nan har mu wuce ta. In kuwa na tarar ana haɗa kai da bodi a wajen lodi, ba na sanin lokacin da nake tattare rigata in duƙa in leƙa. Rannan wani direba ya gan ni durƙushe a ƙarƙashin motarsa, ya ce, "Alhaji, bakanike ne kai?" Na ce masa a'a, fasinja ne.