Garin da Ke Ƙarƙashin Tafki

Da ƙarfe uku da kwata na yammacin wata Talata abin ya fara lalacewa. Ina zaune kusa da taga a laburaren jami'a, motocin bas suna jerin gwano a Oxford Road da fitilu a kunne, domin a watan Nuwamba tun kafin yamma ta yi sosai duhu ke sauka a Manchester. Na ɗora tsohuwar taswira a kan sabuwa a kwamfuta, suka ƙi haɗuwa.

Aikin da aka ba mu ke nan a digiri na biyu. Kowa zai ɗauki wani ƙaramin gari a Amurka, irin wanda ke zaman hedikwatar gunduma, kamar dai hedikwatar ƙaramar hukuma a wajenmu, ya bi tarihinsa ta hanyar taswira. 'Yan aji suka yi ta rububin garuruwan da suka taɓa jin sunansu. Ni da ɗaga hannu ke yi wa nauyi, wanda ya rage shi na samu.

Na kuwa so garin. Kotu ce a tsakiyarsa, da fili kewaye da ita, duk titunan daga nan suke tashi su miƙe har su ɓace cikin gonakin masara. Akwai dogon rumbun hatsi a gefen layin dogo, ana hango shi tun daga nesa. Jikokin manoman da suka zo daga Turai su ne a cikin gari, baƙaƙen fata kuwa, waɗanda kakanninsu suka zo bayan an hana bauta, a ƙetaren layin dogo suka zauna. Matasa suna gama makaranta suke tafiya. Nakan bi titunan a hotunan intanet, gida bayan gida, ba na cin karo da kowa, hakan kuma ya yi mini daidai.

A tsohuwar taswirar, garin yana kwance ne a inda kogi ya yi kwana. A sabuwar yana kan tudu, ƙarƙashinsa wani faffaɗan tafki. Sunayen titunan ɗaya ne, jerinsu ɗaya. Na ɗauka ni ce na yi kuskuren awo, na goge na sake, na kuma sakewa, har lokacin magariba ya kusa wucewa. Sai washegari na karanta cewa gwamnati ce ta yi madatsar ruwa, aka ɗauke garin ɗungurum. Wani gari maƙwabci ya so ya yi amfani da damar ya karɓe hedikwatar, shi ya sa mutanen suka yi sauri suka gina sabuwar kotu a kan tudu, suka jera tituna yadda suke a da. Wasu gidajen katako ma a kan manyan motoci aka ɗora su aka hau da su.

Har da maƙabarta. Duk kabarin da ke da dutse mai rubutu an tone shi an kai sabon wuri. A ƙetaren layin dogo kuwa, inda yawanci dutse kawai ake dasawa ko fasasshen faranti, sai aka yi cigiyar dangi. Wanda aka samu mai nuna wurinsa an ɗauke shi. Sauran aka bar su.

Akwai wani hoto da aka ɗauka a shekarar fari, ruwa ya ja baya, matakalar tsohuwar kotu ta fito daga cikin taɓo. Mutane sun hau kanta da gajerun wanduna suna dariya. Ni bayansu nake kallo, inda ruwan ya kwanta lum, domin na riga na auna, na san abin da ke wurin.

Garin babana ma yana ƙarƙashin ruwa. Tun ina ƙarama na san haka, kamar yadda mutum ke sanin abin da ba a zancensa a gida. Tsohon gari ake ce masa, madatsar ruwa ce ta cinye shi. Kakata ta rasu a can, babana ko daɗewa ba a yi da yaye shi ba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ban taɓa tambayar ko an ɗauke ta ba da aka tashi garin. Ban ma taɓa tunanin tambaya ce ba sai da na ga hoton nan.

Daga ranar rubutu ya tsaya. In na zauna a ɗakina a Moss Side, sai in ji ruwa yana zagayawa a cikin bututun hita, in kasa jin komai sai shi. A cikin bas, idan gilasai suka yi gumi, fitilun titi suka narke, sai in ga kamar a ƙasan tafki muke tafiya, mu duka, babu mai magana. Idan aka kira sunana a aji nakan ɗan jinkirta kafin in amsa, kamar wata ake kira. Malamar da ke duba aikina ta ce babin maƙabarta ya makara, ta tambaye ni ko ina son ganin GP, wato likita. Na ce mata lafiyata ƙalau.

Ran Lahadi na kira babana. Na fara da ba shi labarin garin, ya yi ta dariya.

"Uwata, ke Ingila muka tura ki ko Amurka?"

Da na kai ga tambayar, sai ya ce layin ba kyau. Ya miƙa wa mamana wayar. Ita ce ta rage murya ta ce kada in sake ɗauko masa wannan maganar, shi yana ƙarami lokacin, kuma ba ya so. In dole sai na ji, in je wajen Gwaggo.

Gwaggo yayar babana ce, ita kuma Inna take ce mini, yadda take kiran mahaifiyarsu. Tana Birmingham, a Handsworth, gidan ɗanta likita, inda ta zo duba lafiyar gwiwa zaman ya zarce. Na hau jirgin ƙasa ran Asabar da safe, daga tasha na shiga bas. Na same ta a kicin da safa biyu a ƙafa, ta ƙure hita, tana kaɗa miyar kuka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce karatu ya tsotse ni, wai haka ake barin uwar mutane da yunwa. Sai da na cinye tuwon da ta zuba mini, ta ƙara, kafin ta yarda muka koma falo.

Ban iya shiga maganar kai tsaye ba. Ta Amurka na bi. Na nuna mata hoton gida a kan mota, ta riƙe baki.

"Su Turawa ba sa barin komai. Har matattu sai sun yi musu ƙaura?"

Na ce ba duka ba, na faɗa mata na ƙetaren layin dogo. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta miƙo mini. Ta ce ai ta san abin da ya kawo ni, tun da na shigo ta gani a fuskata.

Ta ce su ma ma'aikata sun zo sun shafa fenti a bango, aka nuna musu sabon wuri, gidaje a jere duk iri ɗaya har mutum ya shige gidan wani. Kowa ya kwashi abin da zai iya, har azara ana zarewa daga rufi. Maganar kaburbura ta taso sau ɗaya, malamai suka ce ba a tayar da wanda ya kwanta, ƙasar da ta karɓi amana ita za ta riƙe. Daga nan ba wanda ya sake ɗago maganar.

Na ce, "Gwaggo, ita fa? Tana maƙabartar ne?"

Ta gyara ɗankwalinta, ta kalli taga inda ruwan sama ke zuba a kan jajayen gidajen layin.

"A'a. A lokacin a cikin gida ake rufe mutum. Bayan ɗakinta take. Ranar da za mu tashi, Baba ya cire ƙyauren ɗakin ya ɗora a mota tare da kaya. Har direba ya tayar, sai ya ce a tsaya. Ya sauke shi ya koma ciki shi kaɗai, muna jin yana bugawa. Ya mayar da shi, ya ja ya rufe. Ya ce ba a barin mace a gida babu ƙofa. Tana can, Inna. A ɗakinta take."