Yadda Na Raba Nafisa da Allura

Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Ku saurara da kyau, yara, ba na maimaita magana.

Da can ni mai shara ce a wani asibitin kuɗi a Badarawa, talaka amma ana ganin mutuncina. Da auduga na fara sata, sai fanadol, ina ƙullewa a haɓar zani. Da na ga ba mai tambaya, sai hannuna ya kai firji, inda ake ajiye insulin, allurar masu ciwon suga.

Wata rana na ji wani dattijo yana tambayar nas ko zai iya shan abin a maimakon allura. Ta ce, "Baba, kana sha cikinka zai narkar da shi kamar tsokar nama, ba zai kai jininka ba." Da kunnena na ji. Kada wani ya ce jahilci ne ya ja ni.

A layinmu na Unguwar Shanu akwai Rabi, matar wani ma'aikacin gwamnati. 'Yarta Nafisa 'yar firamare ce, da ciwon sugan ta tashi. Safe da yamma sai an ji ihunta wajen allura, cinyoyi duk tabo. Na sami uwar na ce, "Ke wace irin uwa ce? An kawo na sha daga waje, kina ta huda yarinya kamar rariya."

Ta ce, "Inna, don Allah da gaske?"

Na ce, "Da furfurata zan yi miki ƙarya?"

Kwalba guda nake tsiyayawa a gorar zoɓo in sayar mata. Ta daina allurar, ta ɓoye wa mijinta. Nafisa har gida ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna na gode, Allah ya kai ki Makka." Na ce amin.

Yarinya ta kama ramewa, ga shan ruwa, ga fitsari. Rabi ta zo hankali tashe, na ce, "Cutar ce ke fita, ƙara mata cokali." Na kuma sayar mata da wata gorar. Ranar da Nafisa ta fara amai tana haki, uwar ta aiko kirana, na ce a ce ba na nan. Kafin a kai ta asibiti ta suma, ba ta farfaɗo ba.

Aka kama ni. A kotu likita ta ce maganin kamar gajeren zaren duwatsun wuya yake, ruwan ciki kuwa yana da abin da ke datse shi gunduwa-gunduwa. Akwai ƙanana irinsa masu jure datsewar, amma ban da wannan. Alƙali ya tambaye ni ko na sani. Na rantse ban sani ba, duk da haka ya ɗaure ni.

A gidan yari haƙorana suka zube, 'ya'yana ko leƙe. Can na tuba. Da aka sake ni na nemi Rabi a Kinkinau, gidan iyayenta, don mijin ya sake ta. Na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ta dube ni ta ce, "Ke sayarwa kika yi, Inna. Ni ce na riƙe mata cokalin. Wa zai yafe mini?" Ta rufe ƙofa.

Ku ji ni. Abin da ba naku ba, ko auduga ce, ku bar shi. Wanda likita ya ce ya yi allura, ya yi. In yaro ya yi kuka ku riƙe shi gam ku soka masa, mai rai ne ke kuka.