Taken Labbo da Muka Ba Wani

A wannan wata na azumin tsofaffi Labbo ya cika shekara arba'in a ƙasa. Ranar da aka yi masa sallah ba mu cika sahu biyu ba, alhali mutum ne da rabin Sakkwato ta taɓa ɗauka a kafaɗa. Ni abokinsa ne tun muna wasan ƙasa a Ƙofar Taramniya, kuma ni ne na fi kowa cutarsa. Ban taɓa faɗin wannan a bainar jama'a ba sai yau, da tsufa ya zare mini kunya.

Abin da ya taso da maganar shi ne 'yan ƙwallon garin nan da suka ƙi fita fili saboda an hana su haƙƙinsu wata da watanni. Jikana ya shigo gida yana huci, wai maciya amana ne, wai in sun ƙara sai an farfasa motarsu. Na dube shi na ga kaina. Kan mahauci ne sak, ba a raba shi da zafi. Na ce ya zauna ya ji labari, ya ce yana sauri. To, tun da shi ba ya da lokaci, bari in ba masu karatun jarida.

Zamanin da nake magana Bature bai daɗe da zama daram a ƙasar nan ba, ƙwallo kuwa baƙuwa ce, tamaula muke ce mata. Akwai wani kamfanin sayen fata a bayan gari, manajansa wani Bature da muke kira Mai Lofe, don lofen shan tabarsa ba ya barin bakinsa. Mutumin nan ya fi son tamaula da abincinsa. In ya ji labarin saurayi mai ƙafa, sai ya ɗauke shi lebura: da safe ya shanya fata ya ɗaure dila, da la'asar ya shiga fili. Kowa ya san ba don shanyar fata aka ɗauke su ba, don ƙafarsu ce. Ba takalmi, ba komai, sai jar riga da kamfani ya ɗinka musu.

Labbo shi ne shugabansu. Dogo ne, siriri, ba ya da yawan magana, amma in ya ɗauki ƙwallo sai ka ga manyan mutane sun manta da rawunansu. Mu mahauta mu ne 'yan gaba-dai-gaba-dai na jar riga, don fatunmu kamfanin ke saye, muna ganin ƙungiyar tamu ce. Ni kuwa na naɗa kaina sarkin masoya ba wanda ya naɗa ni. Ranar wasa nakan rufe teburin nama tun azahar, mahaifina yana zagi ina tafiya.

Wanda bai san mahauta ba sai in gaya masa: ba mu rabuwa da masu kalangu. Su ke yi mana kiɗa a mahauta, mu kuma mu ba su nama, da shi suke ciyar da iyalinsu. Namu makaɗin sunansa Jabbi, dattijo ne mai hannu. Shi ya yi wa Labbo take. Take kuwa kiɗa ne da ake yi wa mutum ɗaya, in an buga ko yana bayan katanga an san da shi ake. Na Labbo cewa yake: “Bajimi ya tsinke igiya, mai ɗa shi kama ɗanai.” In Jabbi ya saki wannan kiɗa, har mata a cikin gidaje sun san Labbo ya kama ƙwallo. Al'ada kuma ita ce take na mai shi ne har ya mutu, sai dai ɗansa ya gada. Ba a taɓa cire wa mai rai a ba wani ba.

Ana nan sai mai tsaron gidanmu, Arzika, ya karye a cinya wurin tare ƙwallo. Mun ci wasan a ranar, muka yi ta murna, aka kai shi wurin maɗori. Bayan kwana biyu akawun kamfani ya aika masa cewa an sallame shi, don gurgu ba ya ɗaukar dila, kuma karayar wurin wasa ya same ta ba wurin aiki ba. Arzika na da mata da 'ya'ya uku. Labbo ya je wurin Mai Lofe har sau uku yana roƙon a bar shi ko da gadi ne. Na ukun ko ofis ba a bari ya shiga ba.

Saura mako guda 'yan Gusau su zo wasa. Mun riga mun gayyaci mahautansu, mun yanka sa, mun cika baki cewa sai sun koma da kuka. Ana jibi wasa Labbo ya same ni a teburina ya ce, “Altine, mun yi shawara mu goma. Ba mu buga wasan ga sai an maida Arzika bakin aikinai.”

Na yi dariya, na zaci wasa yake. Da na ga fuskarsa na ce, “Kai Dogo, baƙi na tahe! Ku buga wanga, in an ƙare a yi maganar Arzika.”

Ya ce, “In mun buga, wa za ya ƙara tuna da shi? Ƙahwatai ta karye yau, gobe tawa ta. Kai dai da ka da baki cikin mahauta, ka tsaya muna.”

Na ce to, don in rabu da shi. Ban gaya wa kowa ba, ina ganin in ya ji kalangu ƙafarsa da kanta za ta motsa.

Ranar wasa fili ya cika har bisa itace. Mai Lofe na zaune a kujera da abokansa Turawa. Jabbi ya saki taken, jar riga suka shigo a jere, Labbo a gaba da ƙwallo a hammata. Da suka kai tsakiya sai ya ajiye ƙwallon ya zauna a kai, sauran tara suka zauna kewaye da shi. Aka busa usur, ba wanda ya motsa. Mahautan Gusau suka fashe da dariya, wani ya ɗaga murya ya ce bajimin namu ashe kaza ce, ga ta kwance kan ƙwai. Wannan dariyar ita ta kashe Labbo, ba tarin da ya kama shi daga baya ba.

Ni na fara jifa. Ba na ɓoyewa. Busasshen kashin shanu na tsinta na wurga, sannan jama'a suka bi da duwatsu. Mutanen da makon jiya suka ɗauke shi a kafaɗa su ne ke kiran sunan uwarsa. Dutse ya fasa masa goshi, jini na bin jar rigar, bai tashi ba har 'yan doka suka watsa taron. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai juya ya dubi kujerar Mai Lofe ba. Shi da ya kori gurgu ya tafi gida lafiya lau yana busa hayaƙinsa.

An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Bature ya ga gari ba ya tare da su, bai wahalar da kansa ba. Labbo kaɗai ya kora. Sauran tara suka koma ɗaya bayan ɗaya kafin Juma'a ta zagayo, kowa da uzurinsa, kuma ba na zarginsu, ciki ba ya jiran shawara. A madadin Labbo aka ɗauko wani saurayi daga cikin 'yan Gusau ɗin nan, sunansa Nomau, aka ba shi rigar.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma ni zuciyata ba ta huce ba, kunyar da na sha gaban baƙi tana cina. Na je wurin Jabbi na ce ranar wasa mai zuwa taken bajimi zai kaɗa wa Nomau. Dattijon ya ajiye kalangunsa ya ce, “Take ba riga ba na, Altine, balle a tuɓe ma mai rai. Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba.”

Na ce, “To ka ji, Baba Jabbi. Daga gobe ba teburin da za ka tsaya a ba ka ko hanji. Na gama magana da samarin mahauta duka.”

Kwana huɗu yana zagaya mahauta yana komawa gida hannu wofi. Rana ta biyar ya zo ya tsaya a teburina. Na yanko tsoka mai kyau daga cinya na naɗe masa a ganye. Ya karɓa bai dube ni ba.

Nomau ya ci ƙwallo biyu a wasan, Jabbi ya kaɗa masa bajimi, jama'a suka yi ihu kamar ba su taɓa sanin wani Labbo ba. Muka ɗauki Nomau a kafaɗa. Hanyar gidansa daban, amma na ce a bi ta Ƙofar Taramniya. Na tsayar da taron daidai ƙofar gidan su Labbo, na ce wa Jabbi ya ƙara wa kalangu wuta.

Abin da na manta shi ne mahaifiyarsa, Inna Hajo, wadda idonta ya mutu shekaru. Matar nan ta sha ba ni tuwo a ƙwarya ɗaya da ɗanta. Da ta ji taken a ƙofar gida sai ta ɗauka gari ya zo bikon ɗanta ne. Ta lalubo bango ta fito zaure tana rangaɗa guɗa, da goro a gefen zane za ta raba, tana cewa, “Na san Sakkwato ba ta yada ɗiyanta! Ina Altine? Allah shi yi ma albarka, ɗana!” Wasu suka tuntsire da dariya. Labbo ya fito da tsumma ɗaure a goshi, ya kama hannunta ya ce, “Inna, mu koma ciki. Ba namu ba na.” Ya dube ni sau ɗaya. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun barci a shekarun nan.

Daga nan ba mai fata ko mai hatsi da ya yarda ya ɗauke shi aiki, kowa na tsoron ɓata wa kamfani ko ɓata wa mahauta. Ya koma ɗan garuwa. Mutumin da ake kauce wa a fili ya zama yana cewa a ba shi hanya da tulu a kai, yara na binsa suna kaɗa taken da baki. Abin da ya samu kuma raba shi yake biyu, rabi gidan Arzika, wanda har ya mutu ba a mayar da shi aiki ba. In mun haɗu a lungu ni ke sauya hanya.

Shekara bakwai yana haka tari ya kama shi. Da na ji ya kwanta sai na ce bari in gyara. Dubi wautar mahauci: na ɗauka abin da na saya da tsoka zan iya mayarwa da tsoka. Na ɗauki Jabbi da cinyar rago muka je ƙofar gidan, ya fara kiɗa a hankali. Matarsa ta leƙo daga bayan asabari ta ce, “Malam Altine, ya ce in hwaɗa maka kun ɓata ƙohwa. Mai taken ba nan yake ba. Naman kuma a kai ma Arzika.” Bayan kwana tara ya rasu. Arzika da sandarsa ya nace sai ya kama makara, ni kuwa na tsaya a sahun baya.

Nakan tambayi kaina abin da Labbo zai ce in ya ga yau. Zai ga takalma da fili mai ciyawa da 'yan kallo da suka fi mu yawa. Zai ga har yanzu in an hana ɗan wasa haƙƙinsa ya ce uffan, shi ake jifa, mai kujera kuwa ya shiga motarsa. Ina jin ba zai yi mamaki ba. Shi ya riga mu gane cewa ba shi muke so ba, daɗin da muke ji a ranar wasa muke so, kuma duk wanda ya tsaya tsakaninmu da wannan daɗi abokin gaba ne, ko da tare muka ci tuwo. Nomau ma bai tsira ba. Da gwiwarsa ta lalace aka sallame shi, muka nemi wani muka ɗauka a kafaɗa. Duniya rawar 'yan mata ce, amma mu 'yan kallo mu ke tura na gaba ya koma baya.

Me ya rage na Labbo? Kamfanin ya tashi, filin an yi shaguna a kai, ba hotonsa ko ɗaya. Bai bar ɗa namiji ba. Akwai jikokin Arzika, waɗanda iyayensu suka girma da ruwan da Labbo ya ɗauka a kansa, ban sani ba ko an gaya musu. Sai kuma taken. Shi kam yana nan, ya fi mu duka tsawon rai.

Watan jiya na je ɗaurin aure a Gawon Nama. Ina fitowa wani matashin makaɗi ya ga babbar riga da furfura, ya biyo ni da kalangu. Bajimi ya tsinke igiya, mai ɗa shi kama ɗanai. Na ja na tsaya. Na ce, “Yaro, ka san taken wa kaka kaɗawa?”

Ya yi murmushi ya ce, “Baba Alhaji, wanga ai ba ya da mai shi. Na wanda yab biya na.”

Na buɗe baki in yi masa faɗa, in ce sunan mai shi Labbo, na Ƙofar Taramniya, wanda ya zauna a kan ƙwallo saboda ɗan'uwansa. Sai na tuna wanda ya fara yi wa taken nan kuɗi, da abin da ya biya. Na ciro abin da ke aljihuna duka na ba shi, na roƙe shi don Allah ya daina. Ya karɓa ya yi godiya, ya juya wurin wani mai babbar riga da ke bayana, ya ci gaba daga inda ya tsaya.